Abin da nutso da tukunyar iska ya koya mini a Bahar Maliya

Dokar farko da ake gaya wa mai koyon nutso da tukunyar iska ita ce kada ya riƙe numfashi, ko na ƙiftawar ido ne. Duk wanda ya taso yana wanka a rafi ko kududdufi, jikinsa ya saba da akasin haka: ka cika ƙirji, ka toshe hanci, ka nitse. A nan kuwa wannan sabon shi ne zai halaka ka. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara maka dannowa daidai da ta iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Iskar da ka shaƙa a mita 10, in ka taso da ita ba ka fitar ba, kafin ka kai sama ta kumbura ninki biyu, huhu kuma ba zai ɗauka ba. Abin da mutane ba su zata shi ne haɗarin ya fi tsanani kusa da saman ruwa. Daga mita 30 zuwa 20 iskar na ƙaruwa da kashi ɗaya bisa uku ne kawai, amma daga 10 zuwa sama ninkawa take yi.

A Dahab na koya, wani ƙaramin gari da ke gaɓar Sina'i a bakin mashigin Aƙaba, lokacin ina karatu a Alƙahira. Garin ya dace da mai koyo, don ba sai an shiga jirgi ba. Da ƙafarka za ka taka cikin ruwa, tukunya a bayanka, a wurin da suke kira Lighthouse. Makarantar da na shiga tana bin tsarin PADI, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 1966. Akwai wasu irinta, SSI da CMAS da BSAC ta Ingila, kuma a matakin farko duk kusan abu ɗaya suke koyarwa.

Kafin ka taɓa ruwa za a miƙo maka takardar tambayoyin lafiya. Mu da cutar sikila ta yi yawa a cikinmu, kada wanda ya ɓoye ta don sha'awa, likitocin nutso suna hana mai ita shiga. Haka asma da ciwon zuciya da farfaɗiya, sai likita ya duba. Sannan a gwada ka da iyo na mita 200 da tsayuwa a saman ruwa minti 10. Kwas ɗin farko, Open Water, darasi biyar ne a ruwa marar zurfi da nutso huɗu a teku, ka fita da izinin mita 18.

Inda ake gane halin mutum shi ne darasin gilashin fuska. Kana durƙushe a kan yashi, malami ya yi maka alama ka cire gilashin gaba ɗaya. Ruwan gishiri ya buga maka a ido, ya taɓa ƙofar hancinka, kumfar numfashinka na bin kumatu. Bututun iska yana bakinka, iska na zuwa lafiya lau, amma duk jikinka cewa yake ka tashi sama. Abin da za ka yi ƙanƙane ne: ka mayar da gilashin, ka danne samansa da yatsu, ka ɗaga kai, ka hura da hanci har ruwan ya fice ta ƙasa. Masu gashin baki sun fi shan wahala, don ruwa ta nan yake sulalowa, shi ya sa za ka ga an shafa musu ɗan mai. Babu ƙarfi a cikin wannan aikin ko kaɗan. Na ga ƙartin samari masu wasan motsa jiki sun zabura, na ga tsohuwa ta yi shi kamar tana alwala.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne daidaita nauyin jiki, yadda ba za ka nitse ba, ba kuma za ka taso ba. Ana ɗaura maka ɗamarar dalma, kuma a Bahar Maliya sai an ƙara, saboda gishirinta ya fi na yawancin tekuna. Akwai falmaran da ake hura wa iska, amma gwani da huhunsa yake tuƙi: ya ja numfashi ya ɗan ɗago, ya saki ya ɗan sauka. Sabon shiga yana ta fafutuka da hannu da ƙafa, ya tayar da yashi, ya ƙarar da iskarsa. Tukunya ana cika ta har ma'aunin matsin iskarta ya kai 200, ana kuma son ka fito da saura 50. Mutum biyu za su shiga da tukunya iri ɗaya, ɗaya ya ƙare a rabin sa'a, ɗayan ya yi sa'a guda da ragowa. Bambancinsu natsuwa. Malaminmu, wani Bamisire marar yawan magana, hanyarsa ita ce kullum ya zare maka dalma ɗaya ba tare da ya ce komai ba.

Kwas na biyu, Advanced, ba ni da abin faɗa da yawa a kansa. Yana kai ka mita 30, inda jan launi ya ɓace tun tuni, kuma iskar naitirojin kan sa wasu su ji kamar sun bugu, lissafi mai sauƙi ya gagare su. A nan kake gane cewa zurfi yana cin lokaci: a jadawalin PADI mita 18 na ba ka minti 56, mita 30 kuwa minti 20 kacal. In ka wuce, ko ka taso da gaggawa, naitirojin da ya narke a jiki zai yi kumfa a jini da gaɓoɓi. Tun 1908 John Scott Haldane ya fitar wa sojojin ruwan Ingila jadawalin tasowa daki-daki, kuma kwamfutar da muke ɗaurawa a hannu yau jikanyar wannan aikin ce. Saboda haka ake tsayawa minti 3 a mita 5, ba a kuma hawa jirgin sama sai bayan sa'a 18 in an yi nutso da yawa.

Kwas ɗin ceto, Rescue Diver, shi ne ya juya mini ido daga kaina zuwa ga wani. Wanda ya firgita a ruwa ba ya ihu. Zai ture gilashi zuwa goshi, ya tofar da bututu, idanu a zare, kuma in ka matso ta gabansa kanka zai hau. Ta baya ake zuwa, ka kama tukunyarsa da gwiwoyi, ka hura masa falmaran. Amma yawancin matsaloli tun a tudu suke farawa. Wanda ya yi tsit yana ta sake ɗaure abin da ya riga ya ɗaure, da wanda surutunsa ya yi yawa yana ba da labarin jarumtarsa, su biyun ne zan sa wa ido.

Arewa da Dahab akwai wani rami a cikin murjani da ake kira Blue Hole. A jikin dutsen da ke hanyar shiga an manna allunan tunawa da waɗanda suka mutu a ciki. Da yawansu ba sababbi ba ne, ƙwararru ne da suka nufi wata ƙofa da ke wajen mita 55 da tukunyar iska ɗaya, alhali iyakar nutson nishaɗi mita 40 ce. Ƙa'idar da ake nanatawa ita ce kowa na da ikon dakatar da nutso a kowane lokaci, ba sai ya ba da dalili ba. Ɗaga babban yatsa sama yana nufin mu fita, kuma ba a gardama da shi. Wannan ya yi mana nauyi, mu da aka raina da kunyar cewa babba "ba zan iya ba". Na sha gaya wa 'yan'uwa ɗalibai da suka zo gwadawa: "Malam, kunyarka ka bar ta a bakin ruwa tare da takalminka."

Divemaster shi ne matakin farko na sana'a. Ana shiga da nutso 40 a rubuce, a gama da 60. Akwai gwajin iyo na mita 400, da na 800 da takalmin iyo, da tsayuwa a ruwa minti 15, da jan wanda ya gaji mita 100. Sauran kuwa ɗaukar tukwane ne, da wanke kaya, da ƙirga kawuna kafin shiga da bayan fita. A nan ake koya maka yin kowane darasi a hankali, kana ƙara girman motsi, yadda mai kallo zai fahimta ba tare da kalma ba.

Horon malanta kuma yana buƙatar wata shida da samun shaidar farko, da nutso 100 kafin jarrabawa. Jarrabawar kwana biyu ce, kuma wani baƙo ƙungiyar ke turowa, ba wanda ya koyar da kai ba. Abokan karatunka za su zama ɗalibanka, mai jarrabawa ya raɗa wa kowanne kuskuren da zai yi da gangan. Wani ya juya bututu, wani ya riƙe numfashi yana tasowa. In ba ka gani ba, ko kana nesa da inda hannunka zai kai gare shi, makinka ya zube.

Ra'ayina, nutso 100 ya yi kaɗan. Akwai makarantun da ke ɗaukar mutum bai taɓa sa gilashi ba su mai da shi malami cikin 'yan watanni, duk a ruwan ɗumi mai haske, a wurare biyu ko uku. Bai taɓa haɗuwa da igiya mai ja ba, bai taɓa shiga ruwan da ba ya ganin hannunsa ba. Ka ga kuwa an ba shi rayukan mutane. Wanda ya tambaye ni, ina ce masa ya daɗe a Divemaster yana taimakon malamai daban-daban. Kuɗin da malami ke samu ma ba wani abin a zo a gani ba ne, ga kuɗin sabunta rajista duk shekara, ga inshora, ga kaya.

Mafi wuyar aikin malanta shi ne ƙin sa hannu a shaidar ɗalibi. Ɗalibi ya biya, jirginsa jibi ne, mai shago yana kallonka, shi kuma har yanzu in ruwa ya shiga gilashinsa sama yake nufa. Na taɓa zaunar da irin wannan, magidanci ne da ya girme ni. Ya ce, "Haba ƙanena, saura abu ɗaya fa." Na ce, "Yaya, wannan ɗayan shi ne zai same ka a mita 18, kuma ba na wurin." Akwai takardar miƙa ɗalibi da ke nuna darussan da ya kammala, tana aiki har wata 12, kowane malamin PADI a kowace ƙasa zai iya ɗorawa daga inda aka tsaya. Ita na cike masa. Bai ji daɗi ba, mai shagon ma haka.