Ogan Ɗin Zauren Kiɗa Ba a Masana'anta Ake Gama Shi Ba

Kafin maƙerin ogan, wato babban kayan kiɗan nan mai bututu da iska ke busawa idan an danna madanni, ya zana bututu ko ɗaya, sai ya san daƙiƙa nawa sauti ke yi a zauren kafin ya ɗauke. A manyan majami'un dutse na Turai amsa-kuwwa kan kai daƙiƙa 5 ko fiye, ginin da kansa ke taya ogan cika wuri. Zauren kiɗa na zamani kuwa kusan daƙiƙa 2 ake auna masa, don kada kiɗan taron makaɗa ya cakuɗe. Ga kujeru masu laushi, ga jama'a da tufafinsu, duk suna shanye sauti. Saboda haka sai a faɗaɗa cikin bututun, a ƙara musu iska, in ba haka ba makaɗa 100 za su binne ogan ɗin da ransa.

Tsawon bututu shi ke yanke kaurin murya. Buɗaɗɗen bututu mai ƙafa 8 yana kaɗawa kusan sau 65 a daƙiƙa, mai ƙafa 16 rabin haka, mai ƙafa 32 kuwa, wato kimanin mita 10, sau 16 kacal. Wannan na ƙarshe a ƙirji aka fi jin sa, kunne da ƙyar yake kama shi. Idan rufin wurin bai kai ba, akan toshe kan bututun, sai rabin tsawon ya ba da muryar, amma ba ta da ƙarfi irin na buɗaɗɗe. Abin da masu zanen gini suka fi mantawa shi ne bangon bayan ogan. In siririn allo ne, girgiza zai yi ya haɗiye muryoyin nan masu kauri da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu. Bango mai nauyi ake so, kankare ko bulo, ba rami a bayansa.

Yawancin bututun ƙarfe haɗin kuza da dalma ne. Ana narka su, a zuba a kan dogon tebur da aka shimfiɗa wa ƙyalle mai jure zafi, a kankare falankin har kaurinsa ya daidaita, a yanka, a naɗe a jikin sanda, sannan a liƙe gefen. Kuza mai yawa tana ba da ƙyalli da ƙarfin jiki. Dalma mai yawa ta fi sauƙin sarrafawa, sai dai bayan shekaru ƙafar babban bututu takan lotsa saboda nauyin kansa. Shi ya sa ake rataye manyan daga baya da ƙugiya, ko a yi su da tutiya ko katako.

Iska daga injin fanka take zuwa, ta shiga ma'ajiya mai kama da zugazugi wadda aka ɗora wa nauyi ko sifirin, don matsin ya tsaya wuri ɗaya. Da tsayin ruwa ake auna matsin: milimita 70 zuwa 100 ga yawancin jeri (rukunin bututu masu murya iri ɗaya), masu muryar ƙaho kuma sukan wuce 250. Idan hanyar iska ta yi ƙunci, da an danna manyan bututu sai ƙananan su hau rawar murya.

Kowane jeri yana da bututu 61 ga madannan hannu, 32 ga na ƙafa, suna tsaye a kan akwatin iska. Madanni yana buɗe murfi mai fata a ƙarƙashin akwatin, wani siririn katako mai ramuka kuma shi ke zaɓar jerin da zai yi magana. Ƙwayar ƙura a kan fatar nan ta isa ta sa bututu ya yi ta kuka ba wanda ya taɓa shi. Haɗin madanni da murfi na iya zama na sanduna zalla, kamar na gidan Opera na Sidni da Ronald Sharp ya kammala a 1979, mai bututu sama da 10,000. Makaɗi yana jin murfin a yatsarsa, amma yana zaune a gindin ogan, ba ya jin abin da zaure ke ji. A ganina maganin da kamfanin Klais ya yi a zauren Elbphilharmonie na Hambug, mai bututu 4,765, ya fi dacewa: teburin madanni ɗaya a jikin ogan, wani na lantarki da ake turawa tsakiyar dandamali.

Bayan an kafa komai ne ake shiga aikin da ya fi cin lokaci, wato gyaran murya. Mutum ɗaya yana cikin ogan, ɗaya yana zaune a kujerun 'yan kallo yana saurare, bututu bayan bututu, galibi da dare lokacin da zaure ya yi tsit. Ana buɗe ramin ƙafa ko a matse shi, a ɗaga harshen ciki ko a sauke shi da ɗan kaɗan, a yanka leɓen sama na bakin bututun, wato tsagar da ke saman ƙafarsa. Tsayin baki yakan kama kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa. Gwani yakan baro shi ƙasa da haka daga masana'anta, domin ƙara yanka abu ne mai sauƙi, mayar da ƙarfen da aka yanke kuwa sai da faci. Zauren Walt Disney na Los Anjalas an buɗe shi a 2003, amma ogansa mai bututu 6,134, wanda Frank Gehry ya zana fuskarsa, Glatter-Götz suka ƙera, Manuel Rosales ya gyara muryarsa, sai 2004 aka ƙaddamar da shi.

Sai zafi. Idan aka raba tazarar madanni da maƙwabcinsa kashi 100, ƙarin digiri ɗaya na Salshiyas yana ɗaga muryar bututu mai baki da kusan kashi 3, alhali masu harshen tagulla mai kaɗawa a ciki, irin masu muryar ƙaho, da ƙyar suke motsawa. Fitilun dandamali suna ɗumama benen sama na ogan fiye da na ƙasa, sai ogan ya saɓa da kansa. Don haka ake kunna fitilu da na'urar sanyaya wuri sa'o'i kafin a daidaita murya, a riƙe danshi tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 don kada katako ya tsage. Masu harshen ne ake bi a gyara kafin kiɗa, sauran makaɗa kuma daga ogan suke ɗaukar murya, tunda ba mai iya sake daidaita dubban bututu a yamma ɗaya.