Abin da kwalbar fiya-fiya ta koya mini

Lokacin da na gama karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na kama aikin malamin gona, kaina cike yake da dokoki. Na haddace labarin garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu, inda aka jibge gangunan guba daga Italiya a 1988, abin da ya sa gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta farko a shekarar. Na san hukumar NESREA da ta gaje ta a 2007. A zatona da zarar an rubuta "an haramta", magana ta ƙare.

Wani dattijo mai ajiyar wake a wata kasuwar ƙauye wajen Gwadabawa ne ya fara nuna mini gaskiya. Na tarar ya baje wake a tamfol, yana tsoma guntun tsintsiya cikin ruwan da ya tsiyaya wa magani daga kwalbar lemo, yana yayyafawa. Babu takarda a jikin kwalbar. Warin fiya-fiya kuwa har maƙogwaro. Na hau shi da bayani: Baba, wannan guba ce, ita ta sa Tarayyar Turai ta daina karɓar waken Najeriya a 2015. Ya bari har na kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, na ji. To in ƙwaro ya huje buhunan nan kafin bazara, kai za ka riƙe mini gida?"

Ban sami abin cewa ba. Na tafi da hani, ban tafi da madadi ba.

Tun ran nan nake duba al'amarin daga wajen mai amfani da maganin. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin wannan magani a ƙananan kwalabe, kuma matakin ya dace. Amma wanda ya sayo lita guda yana iya kasa ta kashi goma cikin robobin ruwa, ya jera a tebur ranar kasuwa. Nan sunan magani yake ɓacewa, awonsa ya ɓace, gargaɗin ma ya ɓace. Ko kwalbar asali ce, da Turanci aka rubuta gargaɗin, alhali manominmu da Ajami ko Hausar boko yake karatu. Abin da mai tebur ya faɗa shi ne dokar da manomi ya sani: "Murfi biyu a tanki, in ƙwarin sun yi yawa ka ƙara." Shi ya sa yanzu nake ba masu sayarwa lokaci fiye da yadda nake ba taro a ofis. Mutum ɗaya daga cikinsu in ya gane, ya isar wa ƙauye biyar.

A fadamar Kwalkwalawa, kusa da garin Sakkwato, na ga sauran. Wani matashi yana feshin albasa da tsakar rana, ba takalmi, ba abin rufe hanci, iska tana dawo masa da maganin a fuska. Da ya gama ya gangara Gulbin Rima ya ɗauraye tankin, ƙasa kaɗan da shi ana shayar da shanu. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne jarkar maganin da ta ƙare: ƙanensa ne ya ɗauke ta ya ɗebo ruwan sha. Ba mugunta ba ce, jarka mai kyau ba abin yarwa ba ce a gidan talaka, kuma babu wanda ya tanadi wurin da za a mayar da ita.

Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara ba ma bukatar a ba mu labarin inda sakaci yake kaiwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a tsakar gida, ƙurar tana sauka inda yara suke rarrafe. Hana haƙa bai tsayar da masu neman abinci ba. Abin da ya taimaka shi ne kankare ƙasar gidajen, yi wa yara magani, da fitar da niƙan bayan gari.

Bayan kakar da ta biyo na koma wajen dattijon nan da buhu biyu irin mai ruɓi uku, wanda ake kira PICS: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. In an ɗaure kowanne tam, iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu ba tare da ko ɗigon magani ba. Muka cika su tare, ya ɗaure da hannunsa yana girgiza kai. Bayan wata biyar muka kwance buhunan. Ya dumbuza wake ya mirza a tafinsa, ya shinshina, ya yi shiru. Can ya tambaye ni kuɗin buhun. Da na faɗa masa ya ce ya yi tsada, amma in samo masa goma. Sauran waken, ya ce, bana ma sai dai ya yi masa yadda ya saba.