Ƙofar baya, da maganar da na yi ranar Alhamis

Asabar. Hazo ya sauka sosai yau, da asuba ko darbejiyar maƙwabta ba a hangowa. Har na kwanta na ja bargo, sai na ga barcin nan ba zai zo ba in ban sauke abin da ke raina ba.

Ƙofar baya dai, wadda na ce muku hannunta ya karye ranar Alhamis, an gyara ta, masu tambayata tun shekaranjiya ga amsarku. Kwana biyu muka yi muna tokare ta da turmi da buhun masara, maigidana yana Kaduna yana bugo waya kowane dare: kin tokare da kyau? Kun san shi ne ya dage a kan ƙofofi da tagogin nan masu gilashi biyu lokacin da muka tare a 2019, saboda ƙarar tirelolin da ke fitowa daga Kwangila a nan Zariya ba dare ba rana. Kuma gaskiya sun yi amfani. In aka rufe ko'ina, ƙarar takan koma kamar daga wata unguwa take zuwa, ƙurar hunturu ma ba ta shigowa kamar a gidan haya. Sai dai ranar da abu ya lalace ne za ka gane mai sakawa daban, mai gyarawa daban.

Jiya bayan Juma'a wani yaro daga masu aikin alminiyam ya zo. Ko sukundireba bai ciro ba. Ya girgiza hannun ƙofar sau biyu, ya ce irin wannan ba a gyara ta, a cire a sa ta ƙarfe. Kuɗin da ya ambata ya kusa albashina na wata. Na ce zan neme shi.

Goggo ce ta turo Baba mai makulli daga cikin birni. Wajen tara da rabi ya iso a kan tsohon mashin ɗinsa, da jakar buhu ɗaure a baya, ya naɗe kai da kunne da rawani saboda sanyi. Muka gaisa, na sa Ummi ta kawo masa shayi. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa makullin ba sam. Ya buɗe ƙofar ya rufe a hankali har sau uku yana saurare. Ya tsuguna ya shafa dokin ƙofar ta ƙasa, ya miƙe ya duba tazarar da ke sama. Sannan ya ciro tef ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa, ya sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. Awon bai zo ɗaya ba.

Ya ce, da Zazzagancinsa na cikin ganuwa, “Hajiya, ƙofan ne ya sauka. Makulli wahala kawai ya sha.”

Daga nan ya shiga kwancewa, ɗana Abba ya tsuguna kusa da shi, Ummi tana riƙe da faranti yana zuba mata sukurori. Ya cire hannayen biyu, ya zaro sandar nan mai kusurwa huɗu da ke haɗa su. Wurin zura makulli kuwa ashe sukuru ɗaya ne dogo yake riƙe da shi ta gefen ƙofa, amma ko an cire shi ba ya fita sai an sa makulli an ɗan murɗa kaɗan, harshen da ke tsakiya ya daidaita. Shekara nawa ina zura makulli a wurin nan ban san haka ba. Sai doguwar farantin ƙarfen da ta bi gefen ƙofar daga sama har ƙasa, mai ƙugiyoyi. Ita ce in ka ɗaga hannu sama take cusa ƙugiyoyin cikin ramukansu a jikin firam, sama da tsakiya da ƙasa lokaci ɗaya, sannan ka murɗa makulli ya riƙe. Duk wannan aikin wani ɗan akwati ne a tsakiya yake yin sa, Baba yana kiransa giyabos kamar na mota.

Ya buɗe akwatin a kan tabarma. Wani ɗan ƙarfe mai haƙora, wanda sandar hannu take ratsawa ta cikinsa, ya rabe biyu. Ya ɗauko ɓari ɗaya ya juya shi a hasken rana, ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaye ni, “Wa ke kulle ƙofan nan da dare?”

Na ce ni ce, ba na bar wa kowa.

“Yana shiga da sauƙi?”

Na ce a'a, ya ɗan yi tauri.

“Tun yaushe?”

Sai da na yi tunani. Tun bazara, kafin ruwan farko. Na tuna lokacin zafin nan na watan Afrilu ne ta fara gardama, na ɗauka in an yi ruwa za ta saki.

“Da gwiwa kike danna shi, ki ɗaga hannun da hannu biyu?”

Ban san yadda ya sani ba, amma haka nake yi. Kowane dare. Gwiwa a jikin ƙofa, hannu biyu a kan mariƙin, sai na ji ƙarar shigarsa.

Ya miƙo mini ƙarfen ya ce in duba wurin karayar. Fiye da rabinsa ya yi baƙi, ƙura da maiƙo sun shiga. Ɗan bakin gefe ne kawai yake fari yana ƙyalli. Ya ce baƙin nan tsohon tsagu ne, ya yi watanni yana ci kaɗan-kaɗan, farin shi ne abin da ya rage yana riƙe. Ya nuna mini ramukan jikin firam, duk bakinsu na ƙasa ya goge ya yi haske, wurin da ƙugiyoyi suke karo da ƙarfe maimakon su faɗa rami. Ya ce, “Wanda ya taɓa na ƙarshe, a hannunsa kawai ya ƙarasa. Ko jariri ne ya taɓa ranan nan sai ya karye.”

Ummi tana tsaye da farantin sukurori. Ba ta ɗago kai ba.

Ban rubuta muku abin da ya faru ranar Alhamis duka ba. Na ce hannun ƙofa ya karye, na tsaya a nan. Ummi ce ta je rufewa bayan magariba saboda iska, ta ɗaga hannun ya yi ƙas ya saki. Ni kuwa na dawo daga makaranta a gajiye, ga jarrabawar yara ban gama makin ba, ga gas ya ƙare. Na fito na yi ta faɗa. Faɗa dai kowa yana yi wa yaro. Amma a cikin faɗan na ce mata, “A gidanku kun taɓa ganin irin wannan ƙofar da za ki zo kina fizgarta?” Na kuma ce kada ta ƙara taɓa ta. A gaban Abba da Auta na faɗa.

Yarinyar da uwarta ta damƙa mini ita hannu da hannu bayan rasuwar mahaifinta. Shekara uku tana gidan nan, ban taɓa bambanta kwanonta da na Auta ba, ɗinkin sallah tare nake yi musu, kuma ina jin daɗi in mutane suka ɗauka ni na haife ta. Sai ga shi a kan ɗan ƙarfen da bai kai babban yatsana ba na ce “gidanku”. Tun ranar kalmar take damuna, amma ina lallashin kaina da cewa ai ita ta karya, ɓacin rai ne. Yau Baba ya ɗauke mini wannan ma. Ni na yi wata takwas ina karya shi da gwiwata.

Bai san komai a kai ba, bawan Allah. Ya ci gaba da aikinsa yana neman tsumma.

Sauran ranar ta tafi da daɗi, in ban da abin da ke cikina. Baba ya ce ba kowane giyabos ne zai shiga ba, sai awo biyu sun dace: daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar ramin hannu, namu milimita 35, sai daga ramin hannu zuwa ramin makulli, milimita 92. Abba ya duba a wayarsa ya fashe da dariya, wai awo na biyun sunansa PZ, daga wata kalmar Jamusanci. Baba ya ce to ai shi ke nan, sai a nufi unguwar PZ a nemo PZ. Har Auta da ba ta gane ba ta yi dariya. Baba da Abba suka hau mashin su biyu. A PZ ɗin ba su samu ba, sai cikin Sabon Gari wajen wani mai tara tsofaffin ƙofofin da aka ciro daga gine-gine, suka kwance na jikin wata. Na hannu ne amma lafiyayye. Sai bayan azahar suka dawo, fuska duk ta yi fari da ƙura, da rake a leda.

Na ɗauka da an sa giyabos an gama. Ya ce in ya tsaya a nan, kafin sallah babba zan sake kiransa. Ya ɓalle siraran robobin da suka danne gilashin ta ciki, shi da Abba suka tallafe shi. Nauyi ne da shi ba kaɗan ba. Abba ya ce gilashi mai kaurin milimita 4 yana kai kilo 10 a kowace murabba'in mita, biyu kuwa 20 ke nan, kuma duk a kan hinji uku yake rataye. Da aka duba ƙarƙashin gilashin, kwali muka tarar an ninka an cusa, ya jiƙe ya ruɓe ya lotse. A wurin nan ya kamata a ce akwai 'yan robobi masu tauri, kuma ba ko'ina ake sa su ba. Ana sa su ne a kusurwar ƙasa ta ɓangaren hinji, da kusurwar sama ta ɓangaren hannu, su yi gicciye. Ta haka gilashin da kansa yake zama tokari, kamar katakon da kafinta ke gicciyawa a bayan ƙyauren gargajiya, nauyin ya koma kan hinji. Abba ya ɗaga ƙofar ta ƙasa, Baba ya cusa robobin, ya mai da komai, ya ɗan juya hinjin da alanki, ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa na juya sukuru. Ya ce in gwada. Da yatsa biyu na ɗaga hannun, ya shige ba ko ƙara.

Tagogi kuma. Ta ɗakin yara da ke ƙin rufuwa, baƙin mai wani ya taɓa shafa wa hinjinta, ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar kwaɓaɓɓen toka. Ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga man keken ɗinki kaɗan. Ramin makulli ya ce kada a zuba masa mai ko kaɗan, a goga bakin fensir a jikin makullin a zura a zare. 'Yan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasan firam duk sun toshe, ya zokale su da tsinke. Ta ɗakinmu mai raɓa a tsakanin gilasan biyu ya ce wannan ba aikinsa ba ne: gam ɗin da ya like gefen ya saki, iska mai laima ta shiga, garin da ke cikin sandar gefe mai shanye danshi ya ƙoshi. Sai dai a auna a yanko sabo, firam ɗin yana nan. Na ji daɗin yadda ya faɗi iyakarsa. Abin da ya karɓa har da kuɗin kaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da yaron jiya ya nema ba. Na ƙara masa, ya yi ta sa albarka.

Tuwon masara miyar kuka da daddare. Wuta ta zo ƙarfe bakwai ta koma takwas. Makin jarrabawa saura aji ɗaya.

Bayan Baba ya tafi na sami Ummi a kicin tana gyaran kuɓewar gobe. Na ce, “Ummi, kin ji abin da Baba ya ce. Ba ke kika karya ba.” Ta ce, “Na ji, Anti.” Na ce ta riƙa buɗewa tana rufewa yadda ta saba. Ta ce to. Na tsaya a kanta ina son in kawo ɗaya maganar, wadda ita ce ainihin, bakina ya yi nauyi. Mu ba a saba mana babba ya ce wa yaro yi haƙuri ba, Inna ba ta taɓa ce mini ba, sai dai ta ƙara mini nama a miya in gane. Na sa mata nama biyu yau. Ta ba Auta ɗaya.

Ɓarin ƙarfen yana nan a kan madubina, ban bari an share shi ba. Gobe Lahadi uwarta za ta kira kamar kullum, ni zan fara ɗauka, ta yi mini godiyar riƙo kafin in miƙa wayar.

Bayan isha'i ina falo na ga Ummi ta ɗauko baho cike da kwanuka za ta kai wurin wanke-wanke. Ƙofar baya tana gabanta, taku uku. Ta ɗan tsaya, sannan ta juyo ta bi ta falo, ta fita ta ƙofar gaba cikin sanyin nan, ta zagaya gidan.