Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tukunyar Baffa

Makon jiya na tsaya a zaman rabon gadon Baffa, na ce zan kawo muku zancen tukunyar gas. Har gobe idan na tuna yadda Yaya ya zungure ta da ƙafa a gaban dangi, ya ce tukunyar 'yan giya ce, a kira 'yan gwangwan su kwashe, sai raina ya ɓaci kamar yau aka yi.

Asalinta ba abin ɓoyewa ba ne. Ta wani Bature ce da ya yi aikin auduga a nan Garwa, Baffa ke gyara masa firji. Da kansa yake dafa giyarsa a gida, ba irin bilbil ɗin da ake sha a ƙwarya ba. Sai ya juye ta a tulun ƙarfe mai cin lita 19, ya jona tiyo, iskar kabon da ke cikin tukunyar ta shiga ta sa ta kumfa, ta kuma turo ta waje idan an buɗe famfo. Da zai koma Faransa ya bar wa Baffa tukunyar da tuluna biyu da kan nan da ke rage ƙarfin iska, mai agogo biyu na auna matsinta. Inna ta yi ta dirzar tulunan da toka da tafasasshen ruwa, aka sauya duk robobin. Baffa ya je wurin Malam, Malam ya ce ƙarfe wanki ke tsarkake shi, iska kuwa babu ruwanta da maye. Yaya ne ya riƙe wa Baffa takalmi a ƙofar zauren ranar. Ya ji da kunnensa.

"Da tsohuwar zuma ake magani," in ji Baffa, "amma ka fara karanta wuyanta." Yakan kama yatsana ya ɗora a kafaɗar tukunyar, inda ya kankare fenti da bakin wuƙa. Ga nauyinta idan babu komai ciki, ga wata da shekarar da aka gwada ta, duk an buga su cikin ƙarfen. Shi ya koya mini cewa abin da ke ciki iskar kabon ce da matsi ya mayar ruwa, sauran iskar a sama take taruwa, don haka agogo ba ya gaya maka saura nawa. A sanyin digiri 20 allurar na tsayawa wajen bar 57 (bar ma'aunin matsin iska ne), ba ta sauka sai ruwan ya ƙare ƙaf. Sikeli kaɗai ke faɗin gaskiya: ka auna, ka cire nauyin da ke wuyan, abin da ya rage shi ne naka.

Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, lemon kwalba ya fi ƙarfin mutane da yawa a unguwarmu. Sai muka shiga sayar da namu lemon mai kumfa. Da zoɓo muka fara, wanda maƙwabta ke kira folere, sai citta da tsamiya. Inna ta tace sau biyu, mu nutsa tulun cikin ƙanƙara ya kwana, domin ruwa mai sanyi ne ke riƙe iska, mai ɗumi tofar da ita yake. Mu sa allurar ƙaramin agogo tsakanin biyu da uku, in ɗora tulun a cinya in yi ta jijjigawa har in daina jin kukan iskar. Da azumi kafin a kira magariba layi ya kai bakin titi. Da wannan kuɗin aka haɗa lefen Yaya. Akwatunan da ake ta yabo, tukunyar 'yan giya ce ta cika su.

Bari in tsallake gaba, tun da zancen sikeli ya zo. Bayan rasuwar Baffa na kai ta ɗuri wurin wani mai cika na'urorin kashe gobara. Na ce ya ɗora ta a sikeli, ya ce shi da kunne yake aiki tun ban iya tafiya ba. Watan Afrilu ne, zafin Garwa ya haura digiri 40, ita kuwa iskar nan da ta wuce digiri 31 ba ta ƙara zama ruwa, kuma tukunyar da aka cika taf ba ta da wurin numfashi. Da azahar ɗan faifan kariya da ke jikin famfon ya fashe. Ƙarar ta watsa kajin gidan, farin hazo ya cika rumfa, famfon ya yi fari fat da ƙanƙara. Allah ya sa na ɗaure ta da sarƙa a jikin ginshiƙi, kuma a waje take. Tun 1986 da iskar tafkin Nyos ta kashe mutum fiye da 1,700, Baffa ya hana a kwana da ita a ɗaki. Irin iskar ce, ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya inda mai barci yake. Mai ɗurin nan ko haƙuri bai ba ni ba, kuɗin ma bai mayar ba.

Yaya da ya ji, har gida ya tako ya ce ai ya faɗa. Na ce, "Yaya, faifan nan don ya fashe aka yi shi. Ƙarfen bai yi komai ba." Duk da haka na tuna da karanta wuya, na ga shekarar gwajin ta yi nisa. A Amurka duk shekara 5 suke sake gwada irinta. Na ba wani direba ya kai ta Ngaundare, daga can ta bi jirgin ƙasa zuwa kudu. Aka leƙa cikinta ko da tsatsa, aka cika ta da ruwa aka matsa fiye da ƙarfin da take ɗauka kullum. Ta dawo da sabon hatimi a ƙarƙashin na da. Da tsohuwar zuma ake magani, Baffa bai yi ƙarya ba.

Samarin da ke tambayata ko za su iya wannan sana'a da tukunyar kashe gobara, a'a nake ce musu. Waccan tana da bututu har gindi, ruwan take zuƙowa, sai ya daskarar da kan nan mai agogo ya lalata shi.

A zaman gadon, cikin kasona aka lissafa ta, da farashin da 'yan gwangwan za su saya. Na karɓa ban ce uffan ba. Tulu ɗaya kuwa ya ɓace daga ɗakin Baffa kafin sadakar bakwai, kuma mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi gidan da na gan shi.