Kafin kace me ya jawo, fara jera shekarun

Duk cikin abin da na kwaso daga karatun tarihi da siyasar ƙasashen Larabawa, wanda yafi min amfani ba wani babban nazari bane mai dogon suna, ɗabi'a ce guda ɗaya tak. In aka ce min ga abin da ya jawo yaƙi kaza ko ga abin da ya durƙusar da daula kaza, sai na fara jera shekarun a takarda tukuna. Faɗinsa da sauƙi, amma wallahi rabin bayanan da ke yawo a majalisu da guruf-guruf ɗin WhatsApp basa kai labari in aka yi musu haka, kuma ba namu kaɗai ba, har wanda Turawa ke rubutawa da dogon turanci.

Wani malaminmu ne ya cusa mana abin, dattijo ne, baya ɗaga murya, jan biro ɗinsa kullum a maƙale a aljihun gaba. Ranar wata semina wani abokin karatunmu ya gabatar da takarda akan yaƙin Yaman, mutum ne mai ƙoƙari, Larabci a bakinsa ba'a magana, yace asalin rikicin Sunna da Shi'a ne, Saudiyya nan Iran can, gaba ce ta sama da shekara dubu. Malam bai katse shi ba har ya gama, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, sannan yace "Madalla malam. Toh a 1962 Saudiyya bayan wa take goyo a Yaman ɗin?" Ɗakin yayi tsit. Yace "Allah gafarta malam sai na duba." Malam yace a duba ɗin, mako mai zuwa a dawo.

Abin da ake tararwa in an duba shine, a watan Satumba 1962 sojoji ƙarƙashin Abdullahi al-Sallal suka kifar da mai mulkin Yaman ta Arewa, Imam Muhammad al-Badr, wanda kwana kaɗan kenan da gadon mahaifinsa Imam Ahmad. Imam ɗin nan Bazaide ne, wato ɗan reshen Shi'a da Huthi na yanzu suka fito daga ciki. Wa ya tsaya masa da kuɗi da makamai? Saudiyya, da Jodan, da Birtaniya ta bayan fage. Wa ya tura dubun-dubatar sojoji su yaƙe shi? Jamal Abdul Nasir na Masar, ƙasar Ahlus Sunna, ƙasar Azhar. Aka shafe shekaru ana gwabzawa, Masar bata janye ba sai bayan kashin da ta sha a hannun Isra'ila a 1967, yaƙin kuma sai 1970 ya ƙare. A lokacin abin da ke ba gidan sarautar Saudiyya tsoro juyin mulkin sojoji ne masu kifar da sarakuna, an yi a Masar a 1952, an yi a Iraƙi a 1958, ga shi ya iso maƙwabta. Mazhabar wanda ke kan gado ba ita ce damuwarsu ba. Kuma ko a na baya-bayan nan, tsohon shugaban Yaman Ali Abdullahi Saleh shi kansa Bazaide ne, shi ya yaƙi Huthi a Sa'ada daga 2004 zuwa 2010, shine kuma ya haɗa kai dasu suka shiga San'a a 2014, sannan sune suka kashe shi a Disamba 2017. Ka saka wannan a layi kace min aƙida ce kaɗai ke tuƙa motar.

Ba ina cewa babu saɓanin aƙida bane fa, akwai, kuma masu iko suna amfani dashi sosai wajen tara mayaƙa, musamman bayan juyin Iran na 1979. Abin da nake cewa, abin da baya canzawa shekara dubu ba zai iya bayyana maka abin da ke canzawa duk shekara goma ba.

Labanan ce ta fi bani wahala, ita ce ma tasa na sayi kwali babba irin na 'yan firamare na manna a bangon ɗaki, na ja layi daga 1975 zuwa 1990, shekarun yaƙin basasar ƙasar, kowace ƙungiya da kalar biro ɗinta. In ka ji ana taƙaitawa sai ace yaƙin Musulmi da Kirista ne. Toh akwai ƙamshin gaskiya, don tsarin ƙasar kansa akan ƙungiyoyin addini aka gina shi: ƙidayar jama'a ta ƙarshe da akai a hukumance tun 1932 ce zamanin Faransa, akan ta aka yi yarjejeniyar 1943, shugaban ƙasa Kirista Bamarone, wato ɗan ɗariƙar Kirista ta Maronawa, firaminista Basunne, kakakin majalisa ɗan Shi'a, a majalisa kuma duk kujera shida ta Kirista biyar ta Musulmi. Jama'a ta canza, lissafin bai canza ba, ga Falasɗinawa masu ɗauke da makamai da suka kwararo bayan an kore su daga Jodan a 1970 da 1971. Amma da na fara cika kwalin sai layukan suka dinga sarƙewa. A 1976 Hafiz al-Asad na Siriya ya shigo da sojojinsa, kuma ba Musulmi ya zo ceto ba, Maronawa ya zo ceto daga hannun Falasɗinawa da ƙawancen Kamal Jumblat, jagoran Duruzawan Labanan, don baya son wani ya yi nasarar da zata fi ƙarfinsa. A 1985 mayaƙan ƙungiyar Amal, 'yan Shi'a, suka yiwa sansanonin Falasɗinawa ƙawanya, har da Sabra da Shatila ɗin da aka yi kisan kiyashin 1982. A 1988 Amal da Hizbullah suka juya kan juna, duka Shi'a. A farkon 1990 Janar Mishal Aun mai riƙe da sojojin ƙasar da Samir Ja'ja jagoran mayaƙan sa-kai na Kirista suka ragargaza unguwannin Kirista na gabashin Beirut, duka Maronawa. Wa ke ba Aun makamai? Saddam Husain, don ya ƙuntata wa Asad, shi kuma Asad ɗan jam'iyyar Ba'as kamar Saddam, Balarabe kamar Saddam, amma duk tsawon yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988 bayan Iran yake. Aun ɗin nan da yace yaƙin 'yanci yake da Siriya har suka fatattake shi daga fadar shugaban ƙasa ta Ba'abda a Oktoba 1990, shine a 2006 ya sa hannu a takardar fahimtar juna da Hizbullah, a 2016 ya zama shugaban ƙasa. Duk wanda ya ga yadda 'yan siyasar mu ke sauya sheƙa gab da zaɓe bai kamata wannan ya bashi mamaki ba, bambancin kawai can da tankokin yaƙi ake yi. Yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989 da aka ƙulla don kawo ƙarshen yaƙin ma bata cire tsarin ba, maida kujerun tayi rabi da rabi ta rage wa shugaban ƙasa iko.

Yarjejeniyar Sykes-Picot kuwa bazan daɗe a kai ba. Kowa na cewa wasu Turawa biyu ne, Sykes na Birtaniya da Picot na Faransa, suka ɗauki rula a 1916 suka zana ƙasashen Larabawa. Niyyar rabon gaskiya ce, mugun nufi ne ƙarara. Amma buɗe taswirar tasu ka gani, Mosul a ɓangaren Faransa take, yau kuma a Iraƙi take wadda Birtaniya ta riƙe, Falasɗinu kuma cewa sukai a sa ta ƙarƙashin kulawar ƙasashe. An sake rabon a San Remo a 1920, an yanke iyakar Najdu da Iraƙi da Kuwait a Uƙair a 1922, Turkawa sun karɓi nasu da bakin bindiga aka tabbatar a Lozan a 1923, maganar Mosul bata mutu ba sai 1926. Shekara goma ana ja-in-ja, da sarakunan Larabawa a ciki kowa na neman nasa. In ka dunƙule duk wannan ka kira shi 1916, ka wanke mutane da yawa da bai kamata a wanke ba.

Inda abin ya fi taɓa ni shine ɓangaren ilmi, don nan ne muke da labarin da muke ƙauna. Mun taso muna ji a wa'azi: Tatar suka shiga Bagadaza, suka zuba littattafai a kogin Dijla har ruwan ya koma baƙi da tawada, shikenan fitilar ilmin Musulmi ta mutu. Shigar gaskiya ce, Fabrairu 1258, Hulagu jagoran Tatar ɗin ya kashe Halifa al-Musta'asim, an yi kisa na fitar hankali, babu mai musun wannan. Amma ko adadin, Ibn Kasir da yawanci daga shi ake ɗaukowa an haife shi sama da shekara 40 bayan abin, kuma shi kansa adadi uku ya kawo, ance 800,000, ance miliyan ɗaya da 800,000, ance miliyan biyu. Shi ya faɗa maka "an ce", mu ne in mun zo ba da labari muke zubar da "an ce" ɗin mu ɗauki mafi girma.

Sai ka matsa shekara ɗaya kacal. 1259, a Maraga, arewa maso yammacin Iran ta yau, aka fara gina cibiyar nazarin taurari da duniyar Musulunci bata taɓa ganin irinta ba, Nasiruddin al-Ɗusi ke jagoranta, kuɗin kuma daga aljihun Hulagu ɗin dai. Mu'ayyaduddin al-Urdi ya zo daga Sham ya ƙera kayan awo, Ƙuɗubuddin al-Shirazi yayi karatu a nan. Akwai wani yaro da aka kama a matsayin fursuna ranar faɗuwar Bagadaza yana ɗan shekara 14, Ibn al-Fuwaɗi, shine ya zama mai kula da laburaren Maraga, daga baya ya koma Bagadaza ya riƙe laburaren makarantar Mustansiriyya. Wato makarantar na aiki, akwai littattafan da za'a kula dasu. Wannan ɗan labarin ya daɗe yana min yawo a kai, don babu daɗin ji, mai kisan shine mai ɗaukar nauyin binciken, malamin kuma ya karɓa yayi aikinsa, kuma har yau akwai masu zagin Ɗusi akan haka, akwai masu cewa shi ya ceto abin da aka ceta.

Turawa kuma nasu labarin daban, su cewa suke Imam Ghazali ne ya kashe kimiyya da ya soki masu falsafa. Toh Ghazali ya rasu a 1111. Ibn Rushd da ya mayar masa da martani ya rasu a 1198. Ibn al-Nafis da ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu daga wannan ɓangaren zuciya zuwa wancan ya rasu a Alƙahira a 1288. Ibn al-Shaɗir, mai lissafin lokutan salla a masallacin Umayyawa na Dimashƙa, albashinsa ma daga masallaci yake, ya rasu a 1375, kuma lissafinsa na tafiyar wata daidai yake da wanda masanin taurari Kopanikus ya fito dashi a Turai a ƙarni na 16, masana basu lura da wannan ba sai a 1957, har yanzu kuma suna muhawara akan ko ɗauka akai ko haɗuwa ce. Ulug Beg, jikan Taimur, ya gina tashi cibiyar a Samarƙandu a shekarun 1420 ya fitar da jadawalin taurari sama da dubu. Wace irin gawa ce ke ta haihuwa shekara 300 bayan jana'izarta? Balle shi Ghazalin da bakinsa yace wanda ya musa lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini cutar da addinin yake.

Abin ban dariya, labaran biyu, na mai wa'azi da na Bature, aiki ɗaya suke yi. Kowanne yana neman rana ɗaya da mutum ɗaya da zai ɗora wa laifi, ɗaya ya ɗora wa baƙo, ɗaya ya ɗora wa malami. Kuma gaskiya sun fi daɗin ji, in ka tashi a majalisa kace ai abin ya fi haka tsawo, kafin ka kai Maraga an koma hirar ƙwallo.

Jera shekaru dai baya baka dalili, aikinsa ya kashe dalilan ƙarya ya matsar da tambayar inda ya kamata. Tambayar koma-bayan ilmi tana nan daram, sai dai ta tashi daga ƙarni na 12 da na 13 ta koma na 16 da na 17. A 1577 Taƙiyuddin ya buɗe cibiyar nazarin taurari a Istanbul zamanin Sultan Murad na uku, kusan lokaci ɗaya da wadda Taiko Brahe ya gina a Denmak, kayan aikinsu ma sun yi kama. Ta Istanbul a 1580 aka rushe ta da umarnin Sultan ɗin da ya gina ta. Daga nan ne masana ke kokawa da juna, wasu suce matsalar dogaro da sarki ɗaya ne, in ya mutu ko ransa ya ɓaci aikin ya mutu, kamar yadda ta Samarƙandu ta lalace bayan an kashe Ulug Beg a 1449, wasu suce injin buga littafi ne da bai fara aiki da haruffan Larabci a hannun Musulmin Istanbul ba sai wajen 1729, wasu suce hanyar kasuwanci ce ta koma teku dukiya ta bi ta, wasu kuma suce ba'a ma gama karanta rubuce-rubucen hannun da ke jibge a laburaren Istanbul da Tehran da Alƙahira ba balle a yanke hukunci. Kuma da yawa daga cikin takardun wancan zamanin, na fada da na waƙafi da na albashin malamai, da Turkancin Usmaniyya da Farisanci suke, Larabcin da muke taƙama dashi daga islamiyya zai kai ka bakin ƙofa ne kawai.