Sifon ɗinmu ya daina kuka, saura ƙusoshi biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon gyaran gida. Rabona da in ba ku labarin inda na kai tun ranar da na canza tiyon shaɗɗaf, wato abin fesa ruwan tsarki, yau kusan wata guda ke nan. Sifon ɗin banɗakin Hajiya ne ya riƙe ni. Ga waɗanda ba su daɗe da zuwa Makka ba, sifon shi ne tankin nan na tangaran da ke bayan masai na zama, wanda a nan ake ce wa afranji.

Hajiya, uwar maigidana, ita ta fara jin sa. Takan tashi sallar dare, lokacin da unguwarmu ta Shari'ul Mansur take lafawa, sai ta ce mini da safe: "'Yar nan, akwai abin da ke kuka a bayin nan kamar maciji." Na shiga da rana ban ji komai ba, ga ƙarar esi, ga hayaniyar yara. Ƙasa a bushe take ƙayau. Na ce, "Hajiya, ko na maƙwabta ne?" Ta yi shiru. Sai da tankin ƙasa ya ƙafe tun kafin lokacinsa, muka sayi ruwan wayit, wato motar tankar ruwa, a makon da ba mu saba saya ba, sannan na koma na roƙe ta ta nuna mini daidai inda take jin kukan. Maigidan direba ne, a lokacin Umra yana tsakanin Makka da Madina, kuma ba na son kiran sabbak, wato mai gyaran famfo, ya shigo har ɗakin tsohuwa babu namiji a gida. Na ce bari in gwada.

Daren farko na yi kuskuren da nake so ku guje wa. Na ɗaga murfi, na ga awwama, wato abin nan da ke yawo a saman ruwa yana rufe famfo idan tanki ya cika, na yanke mata hukunci nan take. Washegari na aiki ɗana ya sayo sabuwa. Da ya kawo sai ga ta mai shiga ta gefen tanki, alhali ruwan namu ta ƙasa yake shiga. Ba ta shiga ba, kuma ko da ta shiga, da ba ta magance abin ba, domin ban san ma ta ina ruwan ke tafiya ba. Har yanzu tana cikin ledarta a saman kabad.

Da na natsu na zauna a kan bokiti na ƙura wa cikin tankin ido, sai na gane cewa hanya uku kawai ruwa yake da ita ta guduwa. Ko dai awwama ba ta rufewa, ruwa ya yi ta hawa har ya malala ta bakin bututun nan da ke tsaye a tsakiya, wanda aka yi shi don kada tanki ya yi ambaliya. Ko kuma jilda, robar da ke toshe ramin ƙasa, ta gaji tana sakin ruwa a hankali. Ko ya fito waje ya jiƙa ƙasa. Biyun farko duk cikin masai suke zubewa su bi magudana, shi ya sa za ki iya shekara kina asara ba ki ga ɗigo ɗaya a kan tayil ba.

Gwajin da ya raba mini gardama da zobo na yi shi. An ce a zuba kalar abinci, ni kuma ba ni da ita, sai na jiƙa karkade ya yi ja wur, na tace sosai, na zuba kofi biyu a cikin tankin, na hana kowa danna maɓalli. Kafin minti goma sai ga jan zare siriri yana gangarowa ta bayan masai. Ruwan bai kai bakin bututun tsakiya ba a lokacin, don haka ta ƙasa yake bi. Jilda ke nan. Idan za ku yi wannan gwajin, ku kora da ruwa da zarar kun gama, kada launin ya kwana a jikin tangaran.

Sai na so in san yawan abin da muke zubarwa. Na ja layi da fensir daidai saman ruwa, na rufe hanyar shigarsa, na duba agogo. Bayan rabin awa na ɗauko gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi na riƙa cikawa ina juyewa har ruwa ya koma kan layin. Gora biyu ya sha. Lita 3 ke nan a rabin awa, lita 6 a awa, lita 144 a kwana ɗaya, lita 4,320 a wata. A nan da ton ake ƙirga ruwan wayit, ton ɗaya lita 1,000, kun ga sama da ton huɗu ke nan duk wata daga banɗaki guda. Wallahi da na gama lissafin sai da jikina ya yi sanyi. Ruwan da muke sha a garin nan mafi yawansa na teku ne, ana cire masa gishiri a Shu'aiba, kudu da Jidda, a turo shi ta bututu ya hau duwatsu kafin ya iso mu. Farashin ruwa a Saudiyya hawa-hawa ne, gwargwadon yawan shan gida gwargwadon tsadar kowane ton. Da na faɗa wa Hajiya adadin, sai ta tuna mini cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala, da sa'i ɗaya yake wanka. Ta ƙara da labarin Zubaida matar Haruna Rashid, wadda ta kashe dukiyarta kusan shekara 1,200 da suka wuce don ta jawo wa alhazai ruwa daga Wadi Nu'uman zuwa Arfa. Ba ta yi mini faɗa ba, amma na ji maganar.

A wajen rufe ruwan ma na sha wahala. Mahbas ɗin da ke jikin bango, ƙaramin makunnin da ya kamata ya tsayar da ruwan sifon shi kaɗai, ya cije ƙam saboda shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. Na sa filaya, na ji yana nema ya murɗe gaba ɗaya da fayif ɗin cikin bango, na saki. Sai ɗana ya hau soro ya rufe daga bakin tankin sama. Shawarata, yau ɗin nan ku zagaya gida ku murɗa kowane mahbas ku mayar, ku riƙa yin haka lokaci-lokaci, tun ba ku shiga buƙatarsa ba.

Ranar Asabar na cire makina, wato na'urar cikin tanki da ke sakin ruwa idan an danna maɓalli. Namu mai maɓalli biyu ne, ƙarami da babba, irin wanda galibi ke sakin lita 3 ko lita 6. Murfinsa ba ya ɗaguwa sai an kwance zoben da ke kewaye da maɓallan, a murɗa shi hagu da yatsu. Kada ku finciki murfin, kuma idan kun cire ku shimfiɗa tawul a ƙasa ku kwantar da shi, don samun murfin tangaran shi kaɗai wanda zai dace da tankinku aiki ne ja. Makinar kanta kama ta ake yi da hannu biyu a juya kaɗan, sai ta zare daga mazauninta. A gindinta jildar take, zagayayya kamar faifai ƙarami. Tawa ta yi ƙuraje-ƙuraje, gefenta ya lanƙwashe, ina taɓa ta yatsuna suka yi baƙi.

Wannan karon da kaina na je, da tsohuwar jildar a cikin jaka. Akwai wani dattijo Bahaushe mai shagon kayan famfo a bayan layinmu, an haife shi a nan, Hausarsa gauraye da Larabci. Ya karɓa ya juya ta, ya shinshina, ya ce: "'Yata, kuna jefa ƙwayar nan shuɗiya mai ƙamshi a cikin sifon ko?" Na ce, "Muna sawa, Baba." Ya ce to ita ce rabin ciwon, sinadarin da ke cikinta yana cin roba. Sauran rabin kuma zafi ne. Kowa a garin nan ya san yadda ruwan tankin sama yake da azahar a lokacin bazara, ko alwala ba a iya yi da shi sai ya huce, to wannan ruwan ne yake kwana a kan robar kullum. Ya zazzago jildoji a kan tebur, suna kama da juna a ido amma faɗinsu da ramin tsakiyarsu sun bambanta, ya riƙa ɗora tawa a kan kowace har ya sami wadda ta yi daidai. Ya ce in ɗauki biyu. Ya kuma koya mini dabarar dare: idan shaguna sun rufe, a cire tsohuwar a wanke a kifa ta, ɓangaren da bai ci ba ya koma ƙasa, takan riƙe kwana biyu. Kuɗin jildar biyu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na kashe a awwamar da ban yi amfani da ita ba.

Kafin in mayar, na shafa bakin mazaunin da yatsa na ji kaushi, farin dattin ruwa ya daskare a kai. Na jiƙa tsumma da khal, ruwan tsamin nan na girki, na ɗora na bar shi awa ɗaya, sannan na goge da soso mai laushi. Ban sa wuƙa ko soson ƙarfe ba, domin ƙarzuwa ɗaya a wannan bakin ta isa ta buɗe wa ruwa sabuwar hanya. Na mayar da komai, na sake zuba zobo. Rabin awa, masai fari tas.

Na kwanta da murna. Da asuba Hajiya ta ce, "'Yar nan, ya rage, amma bai daina ba."

Ta yi gaskiya. Da jilda ta daina sakin ruwa, sai ciwo na biyu da ya ɓuya a bayan na farko ya fito fili. Yanzu ruwa yana taruwa, yana hawa a hankali har ya kai bakin bututun tsakiya ya malala. Awwamar ba ta rufewa ruf. Na ɗaga ta da hannu har ƙarshe, ruwa bai tsaya ba, na san ba saiti ba ne, wani abu ne ya tokare a ciki. Muka sake rufe ruwa daga sama, na murɗe hular kanta, na tarar da 'yar roba mai faɗin kwabo, a ƙarƙashinta kuma ƙwayoyin yashi uku ko huɗu. Duk gidan da tankinsa ya taɓa ƙafewa har dinamo, injin da ke tura ruwa tankin sama, ya tsotso gindi, ku sa ran wannan yashin. Na wanke robar, na kifa kofi a kan bakin awwamar na riƙe, na ce wa yaron ya buɗe ruwa na ɗan lokaci ya rufe. Abin da ya fito har da ɓarɓashin tsatsa. Idan ba ku kifa kofin ba, rufin ɗaki ruwan zai nufa. Bayan na haɗa, na juya sukurun saiti har ruwa ya riƙa tsayawa yatsa biyu ƙasa da bakin bututun.

A nan ne na jawo wa kaina aiki na uku. Garin son kada komai ya sake ɗiga, na sa sifana na ɗaure notin tiyon da ke kawo ruwa iya ƙarfina. Da yamma sai ga danshi a ƙasa, abin da babu shi a da. Na naɗe kowace mahaɗa da tishu busasshe don in ga wadda za ta fara jiƙewa, sai ga shi a bakin tiyon. Na kwance na ga na murƙushe 'yar robar da ke cikin notin har ta tsage. A irin wannan mahaɗar roba ce ke tare ruwa, ba ƙarfin ɗauri ba, kuma ba ta buƙatar teflon, farin tef ɗin nan da ake naɗawa a bakin fayif. A ɗaure da hannu har ya tsaya, a ƙara ɗan kaɗan da sifana, shi ke nan. Teflon na haƙoran fayif ne inda babu roba, kamar wajen ɗaura sabon mahbas a bango, kuma ana naɗa shi ne ta ɓangaren da za a murɗa, don kada ya warware. Na koma wajen Baba na sayo tiyo sabo. Ya ce, "Kin fara zama sabbak, 'yata, tunda kin san inda hannunki ya yi yawa."

Yau kwana tara ke nan layin fensir ɗina bai motsa ba, kuma Hajiya ta ce ba ta jin komai a daren. Dinamo ma ya rage tashi. Na kwashe sauran ƙwayoyin shuɗin nan na daina sawa, a cikin masai kawai nake zuba abin wanki yanzu.

Abin da ya rage shi ne ƙusoshi biyun da suka haɗa tanki da masai. Kawunansu a cikin ruwa sun yi tsatsa, robar ɗaya ta fara tsagewa, ko da yake tishu bai nuna danshi ba tukuna. Na karanta yadda ake yi: a kwashe ruwa tas da soso, a kwance, a ɗaga tankin, a canza har da babbar robar da ke tsakani, sannan a ɗaure ƙusoshin bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, don kada tangaran ya tsage. Ɗaga tankin nan ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma mahbas ɗin bango ma yana jiran canji, don haka na sayi kayan na ajiye sai maigidan ya dawo daga Madina ranar Alhamis in Allah ya yarda. Wadda ta taɓa kwance ƙusar da tsatsa ta cinye notinta ba tare da ta fasa tanki ba, don Allah ta gaya mini da me ta jiƙa shi, kuma kwana nawa ta bari kafin ta sa sifana.