Yadda nake gwada bayanin kayan aikin wakilin AI kafin a sake shi ga manoma

Wakilin AI (manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da yin aiki da kanta) da muke haɗa wa wata ƙungiyar manoma a yankin Kura yana amsa tambayoyi ta WhatsApp: farashin hatsi, hasashen ruwan sama, da bashin takin da ƙungiya ke bin mutum. Kowane aiki akwai ƙaramar manhajar da ke yin sa, ita ake kira kayan aiki. Wakilin ba ya ganin cikin manhajar. Abu uku ake nuna masa: sunanta, bayanin da aka rubuta a kanta, da guraben da zai cike bisa tsarin JSON Schema, wato hanyar fayyace irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Haka abin yake a MCP (Model Context Protocol), ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024. Shi ya sa duk lokacin da wakili ya yi shirme, bayanin nake fara tuhuma kafin in taɓa manhajar.

Gwajin farko ba ya buƙatar kwamfuta. Nakan miƙa bayanin ga wanda bai san aikin ba, in tambaye shi yaushe zai yi amfani da wannan kayan, me zai sa a kowane gurbi, kuma me yake sa ran samu. Inda ya tsaya yana tambayata, nan wakilin zai yi shaci-faɗi, domin shi ba shi da wanda zai tambaya.

Ga irin bayanin da aka fi kawo mini: "Yana kawo farashin amfanin gona." A ido ba shi da laifi. Amma wace kasuwa, Dawanau ko Gujungu? Kuɗin buhu ne ko na tiya? Idan manomi ya ce shinkafa, shanshera yake nufi ko gyararriya? Wakili zai ɗauki kuɗin gyararriya ya faɗa wa mai shanshera a rumbu, mutum ya tafi kasuwa da lissafin da ba nasa ba. Bayan gyara bayanin ya koma haka: "Yana kawo farashin sari na ƙarshe da aka rubuta a kasuwa ɗaya, da naira, na buhu mai kilo 100. Shinkafa iri biyu ce, shanshera da gyararriya; idan mai tambaya bai fayyace ba, a tambaye shi. A riƙa faɗin ranar da aka ɗauki farashin. Ba ya hasashen farashin gaba, ba ya kawo na taki." Maganar rana tana da muhimmanci: kasuwar Maigatari Alhamis take ci, wanda ya tambaya ranar Talata farashin da ya kwana biyar zai samu, kuma haƙƙinsa ne ya sani. Gurbin kasuwa kuwa ba na barin sa a buɗe. Jerin sunaye nake sakawa ya zaɓa daga ciki.

Sai babban gwajin. Ina tara tambayoyi 40 zuwa 50 yadda manoma ke rubuta su da hannunsu, ba ƙugiya a haruffa, da gajerce kalmomi, wani lokaci bayan doguwar gaisuwa. Dole a samu waɗanda ke buƙatar kayan aiki biyu a jere, kamar mai son sanin buhu nawa zai sayar ya biya bashinsa, da waɗanda ba sa buƙatar ko ɗaya. Kafin gwaji ina rubuta kayan da ya kamata a kira da abin da ya kamata ya shiga guraben. Kowace tambaya a maimaita ta sau uku zuwa biyar, tunda wakili ba ya amsa iri ɗaya kullum. Kashi ɗaya cikin huɗu nake ɓoyewa, ba na duba su lokacin gyara, don kada bayanin ya zama ɗinkin da ya dace da tambayoyin gwaji kaɗai.

Amsar ƙarshe ba ta isa hujja ba. Ina karanta duk matakan da wakilin ya bi: wane kayan ya kira, me ya cike, sau nawa ya sake kira. Yawan kira yana ƙara kuɗi da jira, ga shi sabis ɗin ƙauye ba ƙarfi. Idan yana kai-komo tsakanin kayan aiki biyu, misali duba_bashi da duba_lissafi, to bayanansu sun yi kama da juna. Ko a haɗe su, ko kowanne ya faɗi inda ɗan'uwansa ya fi dacewa. Saƙon kuskure ma ina gwada shi. "Kuskure 400" ba ya koya wa wakili komai, amma "babu wannan kasuwa, zaɓi daga waɗannan" yana sa ya gyara da kansa.

Abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda, sannan in sake gwajin gaba ɗaya, domin gyaran bayanin farashi yana iya janye tambayoyin taki zuwa gare shi. Kayan da ke rubuta biyan kuɗi a littafin ƙungiya kuwa, bayani kaɗai ba ya tsare shi: a bayanin ina rubuta cewa yana canza lissafi, a cikin manhajar kuma ina sa sharaɗin sai ma'aji ya tabbatar. Duk ranar da aka sauya samfurin AI da wakilin ke aiki da shi, tambayoyin nan nake sake bi tun daga ta farko.